Bidiyon Mahaifina da Na Goge Saboda Gem

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a cikin garin Gaya ina sana'ar ɗaukar bidiyon biki da na suna, na taɓa mallakar wata laftof irin ta masu buga gem, wato wasannin kwamfuta. Kwanakin nan wani daga cikinku, masu bibiyar rubutuna a shafin nan, ya tambaye ni dalilin da ya sa nake damun mutane da maganar ajiye abu a wuri biyu, har ya ce kamar an ɗauke ni tallar ma'ajiyar kwamfuta. Na ce masa akwai labari, sai na samu natsuwa. Yau na samu.

Laftof ɗin ta hannu ce, a Kano na sayo ta. Baƙa ce, ga nauyi, madannanta suna kawo jar wuta, idan kuma ta ɗauki zafi sai fankokinta su kama gurnani kamar injin markaɗe. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce saboda aiki na saye ta, don haɗa bidiyo yana son na'ura mai ƙarfi. Ba ƙarya na yi ba, amma rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin kuwa, tun ina yaro nake sha'awar gem, a ƙauyenmu kuma babu wanda ya san wannan, sai da na girma na tara gemu sannan na zauna ramuwa.

Aibinta ɗaya ne, ma'ajiyarta ƙarama ce. Gem biyu da bikin mutum uku, ta cika. Ina da wani abokina mai shagon gyaran waya da kwamfuta a kusa da kasuwa, tare muka yi sakandare. Ranar da na kai masa ita ya gani, ya juya ta, ya duba lambar da ke bayanta, ya ce, "Mutumina, ka yi dace da inji, amma wurin ajiyarta bai taka kara ya karya ba. Irin wannan tana da gurbi na biyu a ciki, babu komai a kansa. Ka sayo wata ma'ajiyar mu ƙara mata, aikin minti goma ne."

Na ce masa in sha Allahu. Shi ma ya san irin in sha Allahun da na yi. Duk lokacin da hali ya samu sai wani abu ya sha gabanta: yau abin riƙewa na buga ƙwallo a gem, gobe lasifika, jibi sabuwar jaka. Idan wuri ya ƙare sai in goge wani tsohon aiki in ci gaba. Haka na yi ta lallaɓawa fiye da shekara guda.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, manomi ne a Toranke, ta ƙasar Ajingi. Gero da dawa da gyaɗa, sai 'yan awaki a bayan gida. Asalinmu makiyaya ne, amma ni ban taɓa ganin saniya ko ɗaya a gidanmu ba, Fillancin ma gaisuwa kawai na iya, ita ma sai an gyara min. Baba ba mai yawan magana ba ne. Sai ka wuni da shi a gona, abin da zai haɗa ku bai wuce "miƙo ruwa" da "lokacin salla ya yi" ba. Shi ya sa na yi mamaki ranar da na je gida bayan an gama kaka, ya kira ni zaure ya ce in zauna.

"Auta," ya ce, don ni ne ƙarami a gidan kuma haka yake kirana, "an ce abin nan da kake yawo da shi gidajen biki yana riƙe maganar mutum da fuskarsa, ko bayan shekaru?"

Na ce, "Yana riƙewa, Baba."

"Ba ya mantuwa?"

Na yi dariya na ce, "Ai shi ba mutum ba ne, Baba. Ba ya mantuwa."

Ya kalli ƙofar zaure, sannan ya ce, "To ka zo da shi ranar Juma'a. Akwai maganganun da nake so in ajiye. 'Ya'yan yayarka sun taso ba su san daga inda muka fito ba, kai ma ba sani ka yi ba. Idan na tafi da su a cikina, shi ke nan."

Juma'a uku a jere na riƙa ɗaura kyamara a bayan babur in tafi Toranke. Idan an sauko daga masallaci sai ya shiga ya sako farar rigarsa da ba ya sawa sai da salla, ya gyara hula, a shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar gida. Ranar farko ya kasa sakin jiki, ya riƙa kallon kyamarar kamar baƙon da bai yarda da shi ba. Amma da ya fara lissafo kakanni, da dazuzzukan da suka bi da shanu kafin su iso wannan ƙasa, sai na ga wani mutum daban. Hannayensa suka fara motsi. Har dariya ya yi.

Rana ta biyu ya ba da labarin yadda annoba ta share garken mahaifinsa a damina guda, da yadda tsohon ya fara riƙe fartanya bayan ya wuce shekara arba'in, hannunsa ya yi kanta ya fashe, yana noma yana juya baya don kada 'ya'yansa su ga hawayensa. A ƙarshe Baba ya ce bari ya nuna mana yadda ake kiran shanu idan yamma ta yi. Ya sa hannu a gefen baki ya saki wata murya mai tsawo da ban taɓa sanin yana da ita ba. Awakin bayan gida duk suka ɗauki kuka.

Rana ta uku ya ce yau da 'ya'yansa zai yi magana, kowa da sunansa. Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta: ranar hankalina ba ya wurin. Wani mai biki ya dame ni da saƙo a waya a kan bidiyonsa da ban gama ba. Na kafa kyamara a kan ƙafarta, na danna, na koma gefe na duƙufa a kan waya. Na ce a raina ai komai yana shiga, zan ji idan na zo haɗawa.

Na dawo Gaya na juye komai a cikin laftof, a folda ɗaya da na rubuta wa suna Baba. Sau ɗaya na buɗe manhajar haɗa bidiyo na jawo na ranar farko da na rana ta biyu da niyyar fara aiki, sai aka kira ni wani suna, na rufe. Daga nan duk zuwan da zan yi gida sai ya tambaye ni, "Auta, ka haɗa?" Ni kuma in ce, "Ina kan yi, Baba." Ya ce, "To madalla." Bai taɓa ƙara kalma a kan haka ba.

Da damina ta faɗi, wata ranar Laraba da la'asar, an kawo wuta, na samo wani sabon gem na yaƙi da ake ta zancensa. Na zo sakawa, laftof ta ce babu wuri. Na jera foldoji daga babba zuwa ƙarami don in ga abin da ya cinye wurin, sai ga foldar Baba a sama. Na ɗan tsaya. Sai na ce a raina ai asalin bidiyon yana cikin memorin kyamara, wannan kwafi ne, in na buƙata sai in sake juyowa. Ban tashi na duba ba, alhali jakar kyamarar tana rataye a bango, taku uku tsakanina da ita. Na danna gogewa. Na'urar ma sai da ta yi min gargaɗi, ta ce abin ya fi ƙarfin kwandon shara, idan na goge ya tafi gaba ɗaya, na tabbata? Na ce na tabbata.

Gem ɗin sati biyu na yi ina bugawa ya gundure ni.

Baba ya rasu a tsakiyar daminar nan. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, muka kawo shi asibiti, rana ta biyar da hantsi ya cika. Gero ya fara fitar da kai a gonarsa, bai ga girbinsa ba.

Bayan sadakar bakwai, baƙi sun watse, na shiga ɗakin mahaifiyata in yi mata sallama zan koma Gaya. Tana zaune a kan darduma, ta shiga takaba, carbi a hannunta. Ta ce, "Auta, hoton nan mai motsi da ka ɗauki mahaifinku, ka kawo min in riƙa gani. Gidan ya yi min shiru."

Na ce, "In sha Allahu, Inna, Juma'a mai zuwa."

Da na iso ɗakina ko takalmi ban cire ba na ciro memorin kyamara na saka a laftof. Bikin wasu mutanen Kademi na tarar. Amarya, ango, 'yan rawa. Sai a lokacin na tuna cewa tun kafin azumi na share memorin don in ɗauki wannan bikin, ina cewa ai na Baba yana cikin laftof. Wato kowanne na goge shi ne da dogaro da ɗayan. Na duba sauran memori biyu da nake da su, na duba waya, na duba kwandon shara, na rubuta Baba a wurin bincike har sau nawa ban sani ba. Babu. Na zauna a bakin katifa. A kan allon kuwa ga hoton gem ɗin nan, wani soja riƙe da bindiga yana kallona.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi ba ni kunya. Na fara ƙarya. Juma'ar farko na ce wa Inna ba a kawo wuta ba. Ta biyu na ce na'urar tana wurin gyara. Ta uku ban je ba sam, na ce aiki ya riƙe ni. Yayata da ke aure a Gafasa ta kira ni ta ce, "Wai kai wane irin mutum ne? Matar nan kullum sai ta yi zancen abin nan. Ko ba ka haɗa ba ka kai mata haka nan mana." Na ce mata to. Na kashe wayar na kifa kai a kan gwiwa.

Ranar da na kasa jurewa na ɗauki laftof na tafi shagon abokina. Na jira mai karɓar waya ya fita, sannan na gaya masa komai, ban rage ba. Na zaci zai ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ya cire tabaraunsa na aiki ya ajiye, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe ka goge?"

"Wata biyu ke nan, ko fiye."

"Kuma kana ta amfani da ita?"

"Kullum."

Ya girgiza kai. "Daga yanzu kada ka sake kunna ta. Duk kunnawar da ka yi, sabon abu kake rubutawa a kan wurin da tsohon yake. Bar ta a nan. Ranar Alhamis zan shiga Kano sarin kaya, zan taho da ma'ajiya ta biyu. A kanta za mu tayar da na'urar, ita tsohuwar mu bar ta ta huta, mu leƙa ta daga gefe. Duk abin da muka tsamo sai mu zuba a sabuwar." Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Amma ba zan yi maka alkawari ba, mutumina. Irin wannan ma'ajiyar ta zamani idan an goge abu, da kanta take bi ta share wurin."

Ranar Asabar da safe na same shi ya share teburinsa ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya nuna min abin da ya sayo. Na ɗauka zan ga wani ƙaton abu, sai ga wata 'yar siririyar aba, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, kaurinta kamar ɓallin cingam. Ya kifa laftof ɗin, ya kwance notunan bayanta ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin kwalba. Ya sa wani tsohon kati ya bi gefe-gefe yana ɓamɓarewa a hankali, murfin yana ƙara ƙas, ƙas. Da ya buɗe, ya fara cire wayar batir, ya ce ba a taɓa komai a ciki da wuta a jiki. Sannan ya hure ƙurar fankokin, ya nuna da bakin sukudireba.

"Ga taka ta asali nan. Ga kuma gurbin da nake gaya maka."

Na leƙa. Wani ɗan fili ne a gefen tsohuwar, fes, da ɗan bakin da za a zura ma'ajiya, har da notinsa a ɗaure yana jira. Tun ranar da na sayi na'urar yake nan. Ranar da na zauna ina neman abin da zan goge ma yana nan, a ƙarƙashin tafin hannuna.

Abokina ya zura sabuwar a karkace, ya danna ta ta kwanta, ya ɗaure ɗan notin. Ya mayar da wayar batir, ya rufe murfi. Ban duba agogo da gangan ba, amma akwai na bango a gabana. Ko minti goman da ya ce bai cika ba.

Sauran aikin ne ya ci wuni. Ya ɗora wa sabuwar ma'ajiyar tsarin da kwamfuta ke tashi da shi, ya saka manhajar da ke tono abin da aka goge, ya sake ta a kan tsohuwar. Muka je azahar muka dawo tana yi. Ya sayo mana abinci, na kasa ci. Wajen la'asar ta gama, ta jero sunayen fayiloli, sai ga su nan guda uku, da kwanan watan Juma'o'in nan. Na miƙe tsaye ina cewa Alhamdu lillahi. Abokina ya kwafe su zuwa sabuwar ma'ajiyar, ya danna na farko.

Bai buɗe ba. Na biyu ma haka. Na uku ma haka. Ya gwada da wata manhajar, ya sake gwadawa da wata. Sannan ya buɗe cikin fayil ɗin ya nuna min: sifili ne jere, layi bayan layi, har ƙasa.

"Sunan ne kawai ya rage," ya ce a hankali. "Cikin babu komai."

Na fita bayan shagon na tsuguna a gindin katanga. Tun ranar jana'iza ban yi kuka irin na ranar ba. Mutane suna wucewa da kayan kasuwa, wani ma ya tsaya ya ce, "Malam lafiya?" na ɗaga masa hannu kawai.

Ina nan abokina ya leƙo. "Zo in tambaye ka. Ka taɓa jawo bidiyon nan cikin manhajar da kake haɗa aiki da ita?"

Na ce sau ɗaya, kuma ban yi komai a kai ba.

"Ba sai ka yi komai ba. Taso."

Ya bayyana min cewa irin wannan manhajar idan ka jawo bidiyo cikinta, takan cire sautin ta ajiye kwafinsa a wata folda tata ta daban, don aiki ya yi mata sauri. Ita wannan foldar ban taɓa sanin da ita ba, balle in goge ta. Ya bi ta wasu lunguna a cikin tsohuwar ma'ajiyar har ya iso wurin. Fayiloli ne barkatai na bukukuwan mutane. Muka bi kwanan wata. Guda biyu suka dace. Ya kwafe su, ya juya su zuwa irin sautin da kowace waya za ta iya kunnawa, ya tashi ya kashe rediyon shagon, ya janyo ƙofa. Sannan ya danna.

Da farko iska ce, da kukan zakara daga nesa. Sai na ji an yi gyaran murya.

"To, ya fara? In yi magana?"

Sai muryata, cike da gaggawa: "Eh Baba, ya fara."

Abokina ya juya baya yana ta gyara wasu wayoyi da ba sa buƙatar gyara. Ni kuwa na zauna a kan benci na saurari mahaifina har aka kira magariba. Ranar farko tana nan cif, ta biyu ma haka, har da kiran shanun da kukan awakin. Hoto babu ko ɗaya. Rana ta uku kuwa, wadda ya yi magana da mu, ba ta nan, don ban taɓa jawo ta cikin manhajar ba.

Juma'ar da ta biyo na tafi Toranke da laftof da ƙaramar lasifika. A hanya na shirya maganganu iri-iri, har da cewa na'ura ce ta lalace. Da na shiga na ga Inna a kan dardumar nan, ta rame, sai duk suka zube. Na durƙusa na gaya mata yadda aka yi, tun daga ranar Larabar.

Ta ce, "Saboda wasa?"

Na ce, "Saboda wasa, Inna."

"Kuma sati nawa kana ce min babu wuta."

Ta ja carbinta kaɗan, ta ce, "Gogewar kuskure ce, kowa yana yi. Ƙaryar ce ba ta kamace ka ba. Kunna min abin da ya rage."

Na kunna. Da muryarsa ta fito sai ta gyara lulluɓinta, kamar yadda take yi idan ya yi sallama zai shigo. Ta saurara ido a rufe. Wani wurin ta yi murmushi, wani wurin ta ce, "A'a, Malam, ba a wannan shekarar ba ne," kamar yana zaune a gabanta. Da aka zo kiran shanun ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Bayan ya ƙare ta ce, "Na ukun fa, ka ce babu?"

"Babu, Inna. Kuma ni ban ma ji abin da ya ce ba. Hankalina yana kan waya."

"Na sani," ta ce. "Ina bakin madafa ina tsince wake, ina ganinka. Ni na ji. Abin naka zai iya ɗaukar tawa muryar?"

Na saita mata. Ta yi bismilla, ta fara faɗo abin da ya ce, ɗa bayan ɗa, tun daga babban yayanmu. Kada a raba gonar gabas, a riƙa nomanta tare. A riƙa neman danginmu da suke daji da shanu har yanzu, ko ba su neme mu ba. Yayata ta rage zafin zuciya da 'ya'yanta. Inda ba ta tabbata da kalmar ba sai ta ce, "Ko dai haka ya ce, ko kusa da haka, Allah Ya yafe min." Da ta zo kaina sai ta tsaya ta dube ni.

"Kai kuma ya juya ya kalle ka, ya yi murmushi, ya ce: Shi wannan mai na'urar ga shi can, hankalinsa ba ya nan. Ba komai, ku ƙyale shi. Ranar da ya zauna haɗawa zai ji. Auta, na gode da ka zo sau uku ba ka gaji ba. Allah Ya yi maka albarka."

Ta ce, "Iyakar abin da ya ce a kanka ke nan."

Na kashe na'urar, na fita tsakar gida na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar nan, na daɗe.

Yau shekaru sun shuɗe. Na tura wa duk 'yan'uwana sautin, har da na Inna, kuma yana ajiye a wurare fiye da yadda zan lissafa. 'Ya'yan yayata sun haddace sunayen kakanninsu daga ciki. Laftof ɗin ta tsufa, batirinta ya mutu, amma ban sayar ba. Ba zan ce muku na daina buga gem ba, don na yi alkawarin ba zan ƙara yin ƙarya a kan wannan maganar ba. Nakan taɓa ƙwallo jefi-jefi. Gem bai yi min laifin komai ba.

Abin da na gane shi ne, ban taɓa zama na yanke shawarar cewa wasa ya fi mahaifina ba. Da wani ya tambaye ni haka a lokacin, da mun yi faɗa. Ɗagawa kawai na riƙa yi. Na ɗaga sayen ma'ajiya, na ɗaga haɗa bidiyon, na ɗaga tashi in duba jaka, har sauraron maganarsa ma na ɗaga zuwa wata ranar, shi kuma ya yarda da ni cewa ranar za ta zo. Kowanne a lokacinsa ƙaramin abu ne. Shi ya sa idan na ga ɗayanku ya rubuta cewa wayarsa ta cika bari ya rage hotuna, nakan shiga in dame shi. Ku yi haƙuri da ni.

Inna ta yafe min tun a ranar, 'yan'uwana ma babu wanda ya taɓa goranta min. Ni ma na daina azabtar da kaina, na bar wa Allah. Sai dai akwai abin da yafiya ba ta dawo da shi. Hoton Baba ɗaya ne tak a gidanmu, na jikin katin shaida, ya ɗaure fuska kamar an yi masa dole. Fuskar da ya yi dariya da ita ranar Juma'ar farko, ni kaɗai na gan ta ta cikin kyamara, kuma ina jin yadda take dusashewa a kaina shekara bayan shekara.

Watan jiya na kunna wa 'yata sautin. Shekararta huɗu, ba ta zo duniya ta same shi ba. Ta hau cinyata tana kallon allo, baƙi wuluk sai ɗan layi yana tafiya. Da aka zo inda ya yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta juyo ta ce, "Abba, ina Kakan yake? Ba ya fitowa."

Na ce, "Hoton ya ɓata, sai muryar."

Ta ce, "To ka gyara mana. Ba kai ne kake gyara na mutane ba?"

Na ce mata, "Wannan ba ya gyaruwa."

Ta ɗan yi tunani, ta kwantar da kanta a ƙirjina, ta ce in mayar da shi farko.